Malam Edita, a ja kunnen yaranmu masu haɗa na'ura su riƙa kulle ƙofofin aisi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni mai karanta ku ne daga nan Agege a Legas, a waya nake bin ku don takardar ba kullum take iso mana ba. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, in ta kama a rage a rage, amma kar a cire inda na faɗi laifina don shi ne ya sa na zauna na yi rubutun.

Sana'ata gyaran kayan lantarki, da rediyo da sitabilaiza na fara, na yi gyaran waya a Computer Village ta Ikeja na ɗan lokaci, daga baya na koma harkar inbata da haɗa ƙananan na'urori da maikirokontirola. Ga wanda bai sani ba, maikirokontirola ƙaramar kwamfuta ce a cikin aisi guda ɗaya, wato IC, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da ake dalmawa a kan bod, wani ma bai kai farcen babban yatsa ba, ƙwaƙwalwa na ciki, ma'ajiyar firogiram da muke ce wa filash na ciki, sannan ga ma'aikata kewaye da shi kowa da aikinsa, akwai ƙafafun kunnawa da kashewa wato GPIO, akwai UART da yake magana da wasu na'urori, akwai I2C da SPI, akwai tayima, akwai mai auna wuta. Shi ne a cikin mitar wutar gidanka, shi ne a inbata, a rimot ɗin get, a tiraka ta mota. Ni dai yadda nake gaya wa yaran shagona, ku ɗauka gida ne, kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan nan ƙofa ce ko taga, kuma kamfani a buɗe yake kawo maka gidan don ka samu shiga da kaya, kullewa aikinka ne.

To ni ban kulle ba.

Wani Alhaji ne ɗan garinmu da yake ba da keke napep ana biya kaɗan kaɗan har mutum ya mallaka, wajen Agege zuwa Abule Egba da Iyana Ipaja, ya zo ya same ni ya ce Injiniya ina son abin da zai nuna min inda keke yake, kuma in yaro ya ƙi kawo balas in iya hana shi tashi daga wayata. Na ce Alhaji ranka ya daɗe wannan ai ƙaramin aiki ne. Na ɗauko ɗan bod ɗin nan shuɗi da kowa ya sani mai maikirokontirola STM32F103, wanda yake gudu a megahaz 72 da filash kilobait 64 da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, kilobait 20, na haɗa masa SIM800L, ɗan bod mai cin layin waya, don tes, na sa GPS, na sa rile, wato makunnin da aisi ke kunnawa da kashewa, a layin wutar ignishan. In Alhaji ya tura tes da lambar sirri da kalmar kashewa sai rile ya ɗauke. Na gwada a gabansa ya yi aiki, ya ji daɗi har ya ƙara min na mota, na haɗa guda goma sha huɗu.

Wata biyu ba a cika ba ya kira ni da asuba, ko gaisuwar kirki babu, wai keke uku ba sa jin magana, yana tura kashewa suna ci gaba da yawo, kuma ɗaya ma a taswira yana nuna yana Pen Cinema kullum alhali an gan shi a Sango. Na yi ta rantsuwa netwok ne. Ba netwok ba ne. Da aka kamo ɗaya aka kawo min na buɗe akwatin sai na ga alamar dalma sabuwa a kan ƙafafun da na bari a tsaye, ashe ɗaya daga cikin direbobin ya kai wa wani yaro mai gyaran waya, shi kuma ba wani tsafi ya yi ba, ɗan abin nan na USB zuwa siriyal ya jona a ƙafar PA9, inda UART ke fitar da magana, da giraun, ya buɗe kwamfuta a gudun 115200, sai ga na'urata tana zuba zance kamar mai sayar da maganin gargajiya a bas ɗin Oshodi, tana faɗin lambar wayar Alhaji, tana faɗin lambar sirrin da aka turo da wadda take jira a turo. Ni na sa ta take faɗa, lokacin da nake gwaji ina son in ga abin da ke faruwa, da na gama sai na manta ban cire ba. Kuma abin kunyar, lambar sirri ɗaya ce a duka goma sha huɗun, kuma da ita ɗin ake canja lambar mai iko, don haka da ya samu ɗaya ya samu duka. Wanda ke nuna Pen Cinema kuwa, ta ƙofar SWD, wadda muke zuba firogiram ta cikinta, aka bi aka kwashe firogiram ɗin gaba ɗaya aka taɓa shi aka mayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ba ma tsagewa ba ce, zaure na bari a wangale.

Alhaji bai zage ni ba, abin da ya ce kawai shi ne Malam ai na ɗauka ka iya. Wallahi gara zagin.

Daga nan na zauna na karanta littafin kamfanin na aisin, wanda ya haura shafi dubu kuma da ban taɓa wuce inda ake kunna ƙafa ba, kuma abin da na koya shi nake so yaranmu da ke koyon wannan aiki a Kano da Kaduna da Zariya da nan Ikko su ji, don na ga yadda ake koyo, an ga bidiyo a YouTube an kwafo kod, fitila ta kama ta mutu ta kama, shi kenan an zama injiniya an fara karɓar kuɗin mutane.

SWD ɗin nan ƙafa biyu ce kawai, PA13 da PA14, ta nan muke zuba firogiram da ɗan ST-Link, abin da ke haɗa bod da kwamfuta, kuma ta nan ɗin duk wanda ya riƙe bod ɗin zai iya kwashe abin da ka zuba. Kuskuren da na fara yi wajen gyara shi ne na rubuta a cikin kod cewa da zarar aisi ya tashi ya mayar da ƙafafun nan biyu na wani aikin, na zaci na rufe. Yaron shagona ne ma ya nuna min, ya ce Oga ai in na danne riset na jona kafin kod ɗinka ya fara gudu fa? Ya yi a gabana, ya shiga. Kullewa ta gaskiya tana cikin abin da ake kira opshan bait, wasu saituttuka ne da aisin yake karantawa tun kafin ya fara aiki da firogiram ɗinka, a nan ake kunna kariyar karatu, RDP. A yawancin dangin STM32 na baya bayan nan mataki uku ne. Mataki 0 a buɗe. Mataki 1 ba a karanta filash ta SWD, kuma in wani ya ce zai mayar da shi 0 sai aisin ya goge komai tukuna, wato ɓarawo zai samu gida amma babu kaya. Sai dai a mataki 1 ɗin ana iya jonawa a leƙa RAM, to in ka kwafi makullin sirrinka ka ajiye a RAM ka bar shi ai ka ga ba ka yi komai ba. Mataki 2 kuma shi ne rufe ƙofar da siminti, SWD ya mutu har abada, but-loda na kamfani, wato ɗan firogiram mai karɓar sabon firogiram, da ake shiga ta ƙafar BOOT0 shi ma ya mutu, opshan bait sun daskare, ko kamfanin da ya ƙera ba ya buɗewa ta hanyar da aka saba.

Shi kuwa F103 ɗin da muke so saboda araha ba shi da mataki 2, kulle ko buɗe ne kawai, kuma a 2020 wasu masu bincike a Jamus sun nuna yadda ake tatso mafi yawan firogiram daga cikinsa ko da an kulle. Ga kuma jabu, tun ƙarancin aisi na 2021 kasuwa ta cika da waɗanda aka goge sunansu aka buga wani, za ka saya da sunan abu kaza ka je gida ka tarar ciki wani ne, fitila zai kunna maka lafiya lau amma kariyarsa ba lallai ta zama irin wadda littafi ya faɗa ba. Don koyo ba laifi. Don abin da dukiyar mutum ta rataya a kai, ni dai na bar shi, na koma dangin STM32 da ake kira L4, ya fi tsada amma yana da matakan uku, yana da injin haɗa lambobin bazata a cikinsa, kuma ba ya shan batir.

Amma fa a yi hattara da mataki 2, don nan ma na sha. Da zafin abin da ya same ni na ɗauko bod biyar na farko na rufe su da 2 gaba ɗaya ina huci, kwana uku sai na gano akwai kuskure a yadda nake lissafa lokaci, kuma ban rubuta but-loda nawa da zai karɓi sabon firogiram ba. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Aisi biyar sai da na sa iska mai zafi na ciro su na zubar, ka san kuɗin a wannan zamani na dala. Ka'idar da na koya da aljihuna ita ce mataki 1 yayin gwaji, a rubuta but-loda wanda ba ya karɓar sabon firogiram sai ya duba sa hannun dijital, a sa wa shafukan filash da yake zaune kariyar rubutu don kada firogiram ɗin kansa ya take shi bisa kuskure, a gwada sabuntawa sau da yawa har da zare batir ana tsakiyar yi, sannan a yi maganar 2.

Maganar UART kuma ba cire surutun gwaji ne kawai ba. Wajen da nake karɓar saƙo daga SIM800L na ware masa wuri na harafi 64 don umarnina gajere ne, alhali tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, kuma ban sa kod ya ƙirga ba, duk abin da ya shigo zubawa yake. Ka ga ko tallan kamfanin waya ya shigo mai tsawo sai ya malale ya taka abin da ke maƙwabtaka da shi a RAM, shi ya sa wasu lokuta na'urar take rikicewa haka kawai ina ɗora wa zafi laifi. Wanda ya san abin da yake yi kuwa da gangan zai tsara saƙon ya malale inda yake so. Yanzu duk abin da ya shigo daga waje, ko daga GPS ne, sai an auna tsawonsa kafin a ajiye, in ya wuce a watsar. Kuma duk ma'aikacin da ba na amfani da shi, USB ne ko SPI na biyu ko wani UART, ba na ma kunna masa agogo, a STM32 in ba ka ba shi kulok ba a kwance yake, to a bar shi ya yi ta barci.

Wanda ya fi tayar min da hankali ma ba na sata ba ne, na rai ne. Ƙafafun GPIO in aisi ya yi riset ba sa sama ba sa ƙasa, a sake suke suna lilo har sai kod ya zo ya saita su, to ƙafar da ke tuƙa tiransistan rile ɗina ban sa mata resista mai janta ƙasa ba, ga damina ga laimar Legas, ɗan abu kaɗan sai rile ya yi ƙyas. Wani direba ya yi ta ƙorafi keke na mutuwa yana cikin tafiya ba wanda ya saurare shi, an ɗauka ƙaryar balas ce. Ka yi tunanin keke da mata da yara ya mutu a tsakiyar titi tirela na biye. Allah ne ya kiyaye. Resistan 10k da bai kai kuɗin fiya wata ba shi ne maganin, sannan na juya wayarin yadda in na'urar ta mutu gaba ɗaya keke zai ci gaba da aiki, kuma na gaya wa Alhaji gaskiya ba zan ƙara haɗa abin da zai kashe inji ana tafiya ba, sai dai ya hana tashi bayan an tsaya. Ya ɗan yi gunaguni ya yarda. Akwai ma wata rejista ta kulle saitin ƙafa, LCKR, in ka saita ƙafar ka kulle ta ba abin da zai canja yanayinta sai an yi riset, ko da kod ya haukace.

Kod kuwa yana haukacewa. Batirin keke bolt 12 ne a suna, amma in aka danna sitata sai wutar ta yi ƙasa sosai, shi kuma SIM800L in zai yi magana da eriya yakan fizgi kusan amfiya 2 lokaci guda, in wutar aisi ta yi rabi da rabi ba ya mutuwa ba ya rayuwa, sai ya riƙa aikata abin da ba a sa shi ba, har ya iya ɓata abin da yake rubutawa a filash. Akwai mai gadin wannan a cikin L4, BOR, kana zaɓa masa mataki a opshan bait, ni na sa wajen bolt 2.8, da wuta ta sauka ƙasa da haka sai ya riƙe aisin a riset har ta dawo. Sai kuma karen gadi, IWDG, tayima ne mai agogonsa na daban na kilohaz 32, in kod bai zo ya taɓa shi ba kafin lokaci ya cika sai ya yi wa aisin riset, kuma in an kunna shi ba a iya kashe shi sai da riset, za ka ma iya saita shi ya tashi da kansa ba sai kod ya kunna ba. Abin dariyar da na gani a aikin wani yaro da ya kawo min in duba, ya sa tayima ce take ciyar da karen ta intarof, ɗan kod da ke katse babban aiki ya gudu da kansa, wato ko babban aikin ya maƙale kare na cin abincinsa yana kaɗa wutsiya. Na ce masa ai wannan kamar maigadi ne da ake aiko masa da tuwo kullum ko masu gidan sun mutu a ciki. A ciyar da shi a wuri ɗaya, bayan an tabbatar kowane sashe ya yi aikinsa.

Yanzu maganar lambar sirri, wadda ita ce uwar matsalar. Ashe darasin yana manne a bangon gidana ban kula ba, mitar wuta ta kati. Lambobi 20 ɗin nan da muke saya mu danna, na mitarka ba ya aiki a ta maƙwabcinka don kowace mita da makullinta, kuma in ka danna sau ɗaya ba ya sake shiga don a cikinsa akwai lambar lokaci da mitar ke tunawa. Lambar tana ƙirga mintoci ne tun daga farkon 1993 a wuri mai bit 24, shi ya sa ta zo cika a ranar 24 ga Nuwamba 2024, ka tuna hayaniyar da aka yi su Ikeja Electric da Eko suna ta cewa kowa ya karɓi lambobin canja makulli guda biyu ya danna. Mutane sun yi ta tsaki a layi, ni kuwa ina kallon abin ina cewa ashe haka ake yi. Shi na kwaikwaya. Kowace tiraka yanzu da nata makullin, umarni yana zuwa da lambar ƙirga da ba ta komawa baya da kuma hatimin HMAC da aka lissafa da makullin, in wani ya ga tes ɗin jiya ya sake turawa ba zai yi aiki ba, in an fasa guda ɗaya sauran na nan. Duba lambar wayar wanda ya turo kaɗai ba tsaro ba ne, ana iya shigar burtu da ita. Kuma kowane STM32 yana da lambar shaida ta bit 96 da ba ta wani, tana da amfani wajen bambance na'urori, amma ba sirri ba ce, kar wani ya mayar da ita makulli kai tsaye, ka haɗa ta da babban makullin da ke kwamfutarka ta shago wanda ba ya taɓa shiga cikin na'ura. Haka rand, mai ba da lambobin bazata a yaren C da muke rubuta kod da shi, in ba ka ba shi iri ba kullum aka kunna lambobi iri ɗaya zai jero maka, a yi amfani da RNG, injin lambobin bazata na cikin aisin.

Inda na ajiye makullin ma na canja. Akwai wasu ƴan rejistoci na ajiya da ƙaramin batir ke riƙewa ta ƙafar VBAT, da ƙafar tamfa a PC13, na sa ɗan maɓalli a murfin akwatin, da an ɗaga murfi aisin da kansa yake share rejistocin ko babban batir a cire yake. Mai son ya fi haka akwai ƙaramin aisi na Microchip, ATECC608, da ake jonawa ta I2C, makulli na shiga ba ya fitowa, lissafin a cikinsa ake yi.

Masu son maikirokontirola ESP32 saboda wayfai, ku ma naku na nan, shi filash ɗinsa ma a waje yake ana iya ciro shi a karanta, sai an kunna rufe filash da sikiyo but mai hana baƙon firogiram tashi, kuma saitin yana cikin eFuse ne wanda ƙonawa ake sau ɗaya ba gyara, wanda ya yi garaje zai zubar da bod kamar yadda na zubar. Na kuma san akwai sabbin aisi masu TrustZone irin su L5 da U5 inda kake raba gidan biyu, ka ce wannan UART ɗin da wannan yankin ma'ajiya na ɓangaren amintattu ne sauran kod ba ya taɓawa. Abu ɗaya da ya kamata mai amfani da MPU, mai shinge yankunan ma'ajiya, ya sani, ita ƙwaƙwalwar aisin kawai take tsarewa, DMA, ma'aikacin da ke jigilar bayanai da kansa, ta bayan gida yake bi yana kwasar kaya daga nan zuwa can ba ya tambayarta, in ka saita shi sakaka ka ɓata duk shingen.

Ba na cewa in an yi duk wannan ba mai iya shiga. Masu kayan aiki suna girgiza wutar aisi na ɗan ƙiftawa daidai lokacin da yake duba kullensa ya tsallake, an yi wa ESP32 na farko haka a 2019 har kamfanin ya fito da gyararren zubi na uku. Amma wanda nake fama da shi ba mai ɗakin bincike ba ne a Turai, yaro ne mai ST-Link da kwamfuta ta hannu a ƙarƙashin lema, in aikin ya fi ƙarfin awa ɗaya da kuɗin da direba zai iya ba shi zai ce a kai kasuwa. Ko Mirai, muguwar manhajar nan da ta rikita intanet a Amurka a Oktoban 2016 har su Twitter da Netflix suka ɗauke, ba wata gagarumar dabara ba ce, kyamarori da rikodoji ne da aka bari da fasuwod ɗin kamfani, jerin sunaye da fasuwod wajen sittin kawai take gwadawa tana shiga.

Sai kuma ƴan uwana Alhazai masu ba da aiki, na Mile 12 masu son na'urar ɗakin sanyi, da masu gidan ruwa da ke son mita, da masu keke, dan Allah ku ma da naku. In yaro ya ce aikin sati uku ne sai ku ce wane ya ce zai yi a kwana huɗu da rabin kuɗin. Zai yi mana, nawa ma na farko a kwana huɗu na yi. Kashi mafi wahala na aikin nan ba a ganinsa da ido, ranar gwaji na'ura mai kulle da marar kulle duk iri ɗaya suke yi. Ko ba ka san komai ba kana iya tambayar mai haɗa maka abu uku, shin makullin kowace na'ura daban ne, in wani ya buɗe akwatin me zai samu, in na'urar ta mutu me zai faru da injina. In ya fara sosa ƙeya ka san inda aka kwana.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ɗan ware mana ko rabin shafi ne a wata don irin wannan da Hausa, akwai malamai a Bayero da ABU da kwalejojin kimiyya da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, a nemo su su rubuta yadda mai gyaran waya zai gane, don yaran da ke zuwa min koyo da yawansu hannunsu ya fi nawa kyau a dalma amma Turancin littafin nan mai shafi dubu shi ke korarsu. Ni ma in an ba ni dama zan turo yadda ake saita opshan bait da manhajar STM32CubeProgrammer da hotuna, har da inda ba a dannawa.

Keken Alhaji kuwa duk na ciro tsofaffin na sa sababbi da kuɗina, ban karɓi ko sisi ba. Yaron da ya fasa min na farkon na sa an nemo min shi, Bayerabe ne ɗan wajen shekara ashirin, ya zo yana tsoro ya ɗauka ƴan sanda zan kira, na miƙa masa sabuwar na ce ga ta nan ka je da ita sati ɗaya, in ka buɗe akwai dubu ashirin. Ya dawo da ita ranar Juma'a an share makulli, ya ce Oga murfin kawai na ɗaga. Na ba shi dubu biyar na mota, yanzu duk abin da na haɗa shi nake fara kai wa.

Na gode, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Mai gyaran lantarki,
Agege, Legas.